Shin jan ƙarfe yana kashe gubar metanol? Abin da ke faruwa a fatar waya mai zafi

Wai da gaske ne idan aka gasa wayar jan ƙarfe ta yi ja, aka kai ta bakin kwalbar alkol, ana iya gane ko akwai guba a ciki? Kuma wai da gaske ne idan jan ƙarfe ya kwana cikin jarkar alkol, kafin gari ya waye ya tsotse gubar?

Gwaggona ce ta aiko mini da tambayoyin nan biyu ta saƙon murya. Ta fi shekara 20 tana haɗa humra da turaren fesawa a Bukoki, nan Yamai, kuma rabin amaren danginmu da turarenta aka kai su ɗaki. Ta ce: "Ɗana, kai ne mushen gidan nan, malaminmu na boko. Ga wani bidiyo ana ta yawo da shi a gurup ɗinmu na masu turare. Ka duba mini don Allah. Jarka 3 gare ni a ɗaki, ko ɗaya babu takarda a jikinta."

Gajeriyar amsa ita ce, maganar farko tana da tushe amma ba abin dogaro ba ce, ta biyun kuwa babu ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai gajeriyar amsa ba ta ture abin da mutum ya gani da idonsa, kuma a bidiyon ana ganin baƙar waya tana komawa ja, sabuwa ful. Wannan canjin ba siddabaru ba ne. Masana sun kwashe sama da shekara 100 suna bin diddiginsa, kuma wanda ya gane shi ba za a sake ruɗarsa da waya ba.

Alkol biyu masu kama ɗaya

Abin da muke kira alkol a kasuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai etanol, wanda ake samu daga tsimin rake ko hatsi, shi ne na farmasi da ake goge damtse da shi kafin allura. Akwai kuma metanol, wanda a da daga itace ake tatso shi, yau kuwa daga iskar gas da kwal ake yinsa a manyan masana'antu. Dukansu garau suke kamar ruwan famfo, warinsu ya yi kusa, wutarsu shuɗiya. Metanol yana tafasa a digiri 65, etanol a 78. Metanol ya fi arha, kuma ta ƙofar arhar nan yake shigowa inda bai kamata ba. Kama da wane ba ta wane.

Ga kalmomi biyu da za mu yi tafiya da su. Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren abu irin su kabon, oksijin ko jan ƙarfe. Idan ƙwayoyi suka ɗaure da juna suka zama abu guda, zan kira shi ƙulli. Ƙullin metanol ƙwayoyi 6 ne: kabon guda yana riƙe da haidirojin 3, yana kuma riƙe da oksijin guda, shi kuma oksijin ɗin yana riƙe da haidirojin na 4. Masana suna rubuta shi CH3OH. A riƙe wannan na 4 a zuciya, don daga kansa labarin yake farawa.

Metanol da kansa ba shi ke makantar da mutum ba, hanta ce ke mayar da shi abin da ke makantarwa. Akwai wani sinadarin aiki a hanta da ke cire masa haidirojin 2, ya koma fomaldehid, wato abin da idan aka narkar da shi a ruwa muke kira formol. Nan take wani sinadarin ya sake juya shi ya zama asid formik. Wannan asid ɗin ne ke taruwa a jini, ya lalata jijiyar ido. Shi ya sa wanda ya sha kan wuni kamar ba komai, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai su taso, gani ya fara dishi-dishi. Cokalin shayi 2, wato mililita 10, na iya tafiya da ganin mutum, mililita 30 na iya tafiya da ransa. Yana kuma ratsa fata, yana shiga ta numfashi, kuma a nan maganar ta shafi mai haɗa turare da ke wuni da hannu cikin alkol a ɗakin da babu taga. A 2020 fiye da mutum 700 suka mutu a Iran bayan an yaɗa cewa alkol yana maganin korona, suka sha mai metanol a ciki. A 2015 ma metanol ya kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya. Saboda haka tsoron da matan nan suke ji yana kan hanya. Makamin da aka miƙa musu ne ba na kirki ba.

Abin da muka gani a Katako

Ran wata Asabar na shiga kasuwar Katako wajen wani dattijo mai naɗin wayar injin ban ruwa da fanka, na roƙe shi guntuwar waya mai kauri. Ya ƙone man da ke jikinta, ya naɗe ta a jikin ƙusa ta zama kamar sifirin, ya kama ta da filaya ya ɗora a garwashin mai shayin da ke gefensa. Da ya ɗago ta, ta yi baƙi ƙirin. Ni kuma na zo da metanol kaɗan daga ɗakin gwajin makarantarmu, wanda bai fi rabin cokali ba, a ƙaramar kwalba mai faɗin baki. Muka koma fili, nesa da garwashin. Ya sauke wayar cikin kwalbar, sama da ruwan, ba ta taɓa shi ba.

Baƙin ya wanke kamar an share shi da tsumma. Wayar ta koma ja mai sheƙi. Ya fito da ita iska, ta sake yin baƙi. Ya mayar, ta sake wankewa. Sai wani wari ya soki hancinmu, idanu suka kawo ruwa. Dattijon ya ja da baya ya ce: "Malam, wannan ai warin ɗakin ajiyar gawa ne." Na ce: "Baba, ka canka daidai. Formol ne muka yi."

Muka sake da etanol na farmasi. Wayar ta wanke kamar ɗazu, babu bambanci ko na sisin kwabo. Warin ya ɗan sha bamban, kamar na ɗan itacen da ya fara lalacewa, amma shi ma yana sukar hanci. Da na ɗiga metanol kaɗan cikin etanol ɗin muka maimaita, daga ni har shi babu wanda ya iya rantsuwa cewa ya ji wani sabon abu.

Ina roƙon mai karatu kada ya gwada wannan a gida. Wutar metanol kusan ba a ganinta da rana, mutum sai ya ji hannunsa na ƙuna kafin ya san ta kama. Formol kuma tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Fata, ba ciki ba

Baƙin da ke jikin wayar tsatsar jan ƙarfe ce: zafi ya sa oksijin na iska ya haɗu da ƙwayoyin da ke sama. Tururin alkol ya zo ya ƙwace oksijin ɗin, ƙarfe ya koma tsirara. Iska ta sake shafa masa wani. Haka za a yi ta yi, alkol na ƙarewa, wayar tana nan yadda take. Abu irin wannan, da ke haɗa biyu su yi ciniki shi kuma ya fita ba ragi ba ƙari, shi ake kira katalizar, sunan da makanikai suka sani a jikin salansar mota. Ni na fi son in kira shi dillali, irin na kasuwar dabbobi, sai dai wannan ba ya karɓar la'ada.

Dillancin kuwa duk a fata ake yinsa. Ƙwayoyin da ke cikin tsakiyar waya kowace tana kewaye da 'yan'uwanta 12, babu hannun da ya rage mata. Na sama su ne ke da hannu a sake, su ne ke iya kama baƙo. A faɗin da bai fi farcen ɗan yatsa ba, santimita ɗaya kowane gefe, akwai irin waɗannan ƙwayoyi kusan miliyan sau biliyan. Da yawa a ƙirga, amma kaurinsu ƙwaya ɗaya tak.

Wahalar nazarin wannan fata ita ce ba ta zama da tsabta. A cikin iskar da muke shaƙa, kowace ƙwaya da ke sama ana dukanta sau ɗaruruwan miliyoyi a sakan guda. Dole sai da aka ƙera akwatunan ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinsu ƙarƙaf, inda fatar za ta yi awoyi ba ta ƙazantu ba, sannan aka iya tambayarta abin da take yi. Wannan fanni bai zama ƙaramin abu ba: Irving Langmuir ya ci kyautar Nobel a kansa a 1932, Gerhard Ertl na Jamus a 2007.

Gwajin 1978: matakai huɗu

Sana'ar ta riga ilimin. A 1867 August Wilhelm von Hofmann ya bi da tururin metanol da iska kan wayar filatinam mai zafi ya samu fomaldehid. A 1886 Oscar Loew ya nuna jan ƙarfe yana yin aikin, ga shi da arha. Wajen 1910 masana'antu suka fara komawa kan azurfa. Shekara da shekaru ana cika ganguna ba tare da an san takamaimai me ke faruwa a fatar ƙarfen ba.

A 1978, a jami'ar Stanford ta Amurka, Robert Madix da ɗalibinsa Israel Wachs suka ɗauki dunƙulen jan ƙarfe wanda ƙwayoyinsa suke jere reras, suka yanke shi ta fuskar da masana ke kira (110). Da ido zai iya ganinta, fuskar nan kamar gonar da aka yi wa huɗa take, kunya bayan kunya. Suka sanyaya ta ƙasa da sifili sosai, suka sakar mata metanol kaɗan, sannan suka riƙa ɗumama ta sannu a hankali, wata na'ura mai auna nauyin ƙulli tana tsaye tana rubuta duk abin da ya tashi da zafin da ya tashi a kai.

Abu na farko da ya fito ya ba da mamaki: jan ƙarfe mai tsabta kusan ba ya taɓuka komai. Metanol ya sauka, ya ɗan zauna, ya tashi yadda ya zo tun kafin a kai zafin ɗaki. Sai da aka fara shafa wa fuskar oksijin sannan kasuwa ta ci.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar oksijin da ke manne a fatar ƙarfe mayunwaciyar haidirojin ce. Da metanol ya sauka kusa da ita sai ta fizge haidirojin nan na 4. Ta yi wa ƙulli na biyu haka nan. Da ta tara 2 ta zama ruwa, ta tashi. Abin da ya rage na kowane metanol, wato kabon da haidirojinsa 3 da oksijinsa, yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, oksijin a ƙasa. Sunansa metoksi. Muhimmancin tashin ruwan nan shi ne ya rufe ƙofar komawa: da haidirojin ɗin ya tsaya yana yawo a fatar, da ya koma wa mai shi, ciniki ya warware.

Metoksi yana nan tsaye har zafi ya kai wajen digiri 100. A nan sai ɗaya daga cikin haidirojin 3 na kabon ya kuɓuce ya faɗa kan ƙarfe. Abin da ya rage shi ne fomaldehid, kuma da yake jan ƙarfe ba ya riƙe shi da ƙarfi, nan take yake tashi. Wannan mataki shi ne mai wuya, shi ke yanke saurin aikin duka.

Amma idan fomaldehid bai tsira ba, ya ci karo da wani oksijin da ya yi saura, sai ya zama formiyat, ɗan'uwan asid formik ɗin nan na hanta. Shi da ƙafa biyu yake dafe ƙarfe, ba ya sakin wuri sai wajen digiri 200, kuma idan ya saki, iskar kabon ce ke fita, irin wadda ke fita daga kowace wuta. Ga mai masana'anta wannan asara ce, ya ƙone kayansa a banza.

Ta yaya suka san wane oksijin ne ya tafi ina, alhali duk kamarsu ɗaya? Kamar yadda mai ragon layya yake shafa wa nasa fenti kafin ya shiga garke. Akwai wani nau'in oksijin da ya ɗan fi na kullum nauyi, mai lamba 18 maimakon 16. Shi suka shafa wa ƙarfen. Da aka auna, sai ga mai nauyin ya fito cikin ruwa, fomaldehid kuwa ya fito da oksijinsa na gado da ya zo da shi daga metanol. A shekarar nan dai suka maimaita a kan azurfa, suka tarar hanyar ɗaya ce.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne raunin jan ƙarfe ne ya ba shi daraja. Filatinam da nikel sun fi shi ƙarfin kamu. Idan metanol ya faɗa hannunsu sai su tuɓe shi tas, su cire haidirojin duka 4, su bar iskar nan mai kisa da ke fita daga gawayi a ɗakin da aka rufe. Jan ƙarfe ba shi da wannan ƙarfin. Yana cire 2 ya gaji, ya saki. A daidai inda ya gaji ɗin nan kayan da ake nema yake.

Oksijin kamar gishirin miya

Wachs da Madix sun lura da wani abu da ba su iya gani da ido ba a lokacin: idan oksijin ya yi kaɗan aiki ba ya tafiya, idan kuma ya rufe fuskar duka aiki ya mutu. Ya fi kyau idan ya rufe kusan rabinta.

Dalilin bai fito fili ba sai da aka samu madubin da ke nuna ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, wanda Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera a 1981 a Zurik, mai lalube da tsinin allura maimakon haske. A shekarun 1990 Michael Bowker da Fred Leibsle da abokan aikinsu a Ingila suka sa shi a kan wannan fuskar. Gani ya kori ji. Ashe oksijin ba ya zama a warwatse. Yana janyo ƙwayoyin jan ƙarfe daga gefen tudu, su jeru ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe, oksijin, ƙarfe, oksijin, su zama dogayen sarƙoƙi da ke gicciye kunyoyin. Sarƙoƙin su haɗu su zama tsibirai, tsakaninsu kuma fili tsirara.

Da aka saki metanol, sai aka ga tsibiran suna raguwa ta tsawo, ba ta faɗi ba. Metanol ba ya iya taɓa oksijin da ke tsakiyar sarƙa, don an riƙe shi hagu da dama. Na bakin sarƙa yake ci, ya gama ya matsa na gaba, yadda ake shan rake. Yana kuma buƙatar filin nan tsirara inda metoksi zai tsaya. Idan sarƙoƙi suka rufe ko'ina, babu baki, babu wurin tsayawa. Ashe cikin dubban ƙwayoyi, 'yan ƙalilan da ke bakin layi ne ke ɗauke da aikin.

Inda masana suka rabu

Duk wannan a akwatin da babu iska aka gan shi, a kan ƙarfe mai santsi, cikin sanyi. Tukunyar masana'anta kuwa cike take da tururi, zafinta ɗaruruwan digiri, ƙarfen cikinta gari ne ko raga. Shin abin da aka gani can shi ke faruwa nan? Wasu suka ce mai aikin shi ne ƙarfe tsirara mai ɗigon oksijin a sama, kamar yadda gwajin 1978 ya nuna. Wasu suka ce a'a, a irin wannan zafi siririyar tsatsa ce ke rufe ƙarfen, ita ke aiki.

Ayarin Robert Schlögl na cibiyar Fritz Haber da ke birnin Balin na Jamus ya leƙa fatar da hasken da ke ratsa abu alhali aikin na gudana, a farkon shekarun 2000. Suka ce sun ga abu na uku: oksijin da ya nutse ƙarƙashin layin farko na ƙwayoyi, bai zama tsatsa ba, bai kuma tsaya a sama ba, kuma yawan fomaldehid yana tafiya da yawansa. Idan tsatsa sosai ta rufe ƙarfen, ƙonewa ƙurmus ce ke rinjaye. An ma ga lokutan da fatar ke kai da komo tsakanin tsatsa da tsirara da kanta, kamar wayar dattijon Katako amma ba hannun da ke motsa ta.

A ganina darasin da ya fi tsayawa daga wannan jayayya shi ne fatar ba daskararren dandali ba ce. Tururin da ke kanta ne ke gina ta yana rushewa, kuma hoton da aka ɗauka bayan ta huce ba lalle ya nuna yadda take a bakin aiki ba.

To, ina gaskiyar bidiyon?

Mu koma kan tambayoyin Gwaggo. Wankewar waya ba ta shaida komai, tunda etanol ma yana wanke ta. Abin da ya rage shi ne hanci, kuma hanci ba ya iya tsamo metanol kashi 5 ko 10 cikin 100 daga cikin etanol, balle idan an riga an zuba miski da sandal. Masanan da can da suka yi amfani da wayar nan ba su tsaya ga hanci ba. Bayan wayar sukan ɗiga wani sinadari da ke canja launi idan ya haɗu da fomaldehid. Yau da na'ura ake rarrabe su, kuma wannan aikin ɗakin gwaji ne irin LANSPEX, mai binciken ingancin magani da abinci da ruwa a nan Yamai. Haɗarin gwajin waya shi ne ya ce maka lafiya lau alhali ba lafiya.

Maganar kwana a jarka kuwa, ko ta ina aka ɓullo mata ba ta tsayawa. A cikin jarka babu zafin da zai karya ɗaurin kabon da haidirojin. Ga kuma lissafi: a ce fatar wayarka ta kai santimita 10 murabba'i, kuma kowace ƙwaya ta kama ƙulli ɗaya. Mililita ɗaya tak na metanol ya ninka abin da ta kama fiye da sau miliyan. Ko da ma a ce aikin ya yiwu, me aka samu? Formol. Jan ƙarfe mai zafi matakin farko na hanta yake yi, wato yana matsar da metanol kusa da gubar da ake gudu.

Ina jin na san inda jita-jitar ta samo asali. Masu tace barasa da turare a ƙasashe da yawa suna son tukunyar jan ƙarfe, kuma gaskiya ne tana gyara wari. Amma abin da take kamawa dangin farar wuta ne, masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Metanol yana wucewa abinsa.

Masu amfani da metanol a turare suna da tasu hujja, kuma na saurare ta: ya fi arha, yana bushewa da sauri, sun daɗe suna yi ba su ga wanda ya faɗi ba. Ban ƙaryata su ba, fesawa sau ɗaya a riga ba ta kai shan cokali ba. Amma mai haɗawa ba sau ɗaya take shaƙa ba, kuma kwalbar turare mai kyan launi a gidan da ke da yara ƙanana ba a nesa da baki take ba. A Tarayyar Turai doka ba ta yarda metanol ya wuce kashi 5 cikin 100 na alkol ɗin da ke cikin kayan shafa ba.

Daga waya zuwa masana'anta

Kada wannan ya sa a ɗauki metanol da formol a matsayin abokan gaba. Duniya na yin metanol kusan tan miliyan 100 a shekara, kuma babban kaso daga ciki fomaldehid ake mayar da shi: a kan azurfa a zafin digiri 600 zuwa 700, ko a kan haɗin baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai suna molibdenom a ƙasa da 400. Gam ɗin da ke riƙe da falankin da kafinta ke yi wa amarya kabad da shi daga nan ya fito, haka farantan nan masu tauri da ba sa fashewa, haka ruwan da asibiti ke ajiye naman da aka yanko don bincike. Wurinsa ke nan. Ba kan kifi ko nama ba, kuma duk mai zuba shi a abinci don kada ya lalace yana cutar da mutane.

Jan ƙarfe ya bar wa azurfa aikin formol, amma ya riƙe wanda ya fi shi girma. Tun 1966, da kamfanin ICI na Ingila ya fito da haɗin jan ƙarfe da zinki da alminiyom, kusan duk metanol na duniya a kansa ake ƙera shi, a zafin digiri 200 zuwa 300. Hanyar nan ce dai ake bi ta baya: daga iskar kabon zuwa formiyat, zuwa metoksi, zuwa metanol. An daɗe da sanin zai iya, abin da ya hana shi ne ƙaunarsa da farar wuta. Kaɗan daga cikinta ya isa ya toshe fatar, sai da aka iya tsarkake gas sannan aka ci moriyarsa. Idan kuma aka haɗa metanol da tururin ruwa a kansa, haidirojin ake samu, wanda ake iya mayarwa wutar lantarki.

Wannan ya shafe mu. An gina masana'antar metanol a Arzew ta Aljeriya da tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini. Sin kuwa daga kwal take yin mafi yawan nata. Mu muna da gas a Agadem, muna da kwal a Salkadamna ta jihar Tawa, muna da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011. Ba ina cewa gobe za a kafa masana'anta ba ne, wannan magana ce ta jari da ruwa da hanya da kasuwa. Amma idan ranar ta zo, wanda ya san dalilin da ya sa katalizar ta mutu shi ne mai riƙe da mabuɗi, kuma ina so a ce daga jami'ar Abdu Mumuni ya fito. Ƙasar da Ibn Battuta ya zo a 1353 ya tarar ana narka jan ƙarfe a Takedda ba baƙuwar ƙarfen nan ba ce.

Abin da na gaya wa Gwaggo

Na same ta da la'asar tana tace humra da farin ƙyalle. Na ce: "Gwaggo, ki bar batun waya. Ki koma wajen wanda ya sayar miki, ya nuna miki gangar da ya ɗebo, ki sa a karanta abin da ke jikinta. In an rubuta metanol, ko alkol na ƙonawa, ba na jiki ba ne. In ya ce babu takarda, ki nemi wani." Na ƙara mata da cewa ta riƙa haɗi a tsakar gida, da safar hannu, kuma kwalabe su hau inda jikoki ba sa kaiwa.

Idan kuwa tsautsayi ya sa yaro ko babba ya sha, kada a jira alama, kada a tsaya ba shi madara ko a ce ya yi barci ya warware. A kai shi asibiti nan take da kwalbar a hannu, a faɗa wa likita kalmar metanol. Akwai maganin da ke tare hanta kafin ta juya shi, akwai wankin jini idan abin ya yi nisa, kuma duka biyun sun fi aiki kafin ido ya fara dishi-dishi.

Ta yi shiru, ta dubi jarkokin. Ta ce: "Jika 40 na zuba a nan, ɗana." Sannan ta kira yarinyarta ta kawo jan fenti. Ta sa wa kowace jarka alama a murfi, aka kai su ɗakin ajiya na bayan gida aka kulle, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta.